Idan Mai Kaya Ya Bayyana: Jagora ga Masu Rubuta Manhaja Kan Lasisin Laburare

Duk saurayin da ya riƙi rubuta manhaja sana'a, ko a Umarari yake zaune ko a Bolori ko Gwange, ko ya fito daga Jami'ar Maiduguri ne ko daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat ko kuwa shi ya koya wa kansa a wayar hannu, ya san a ransa cewa mafi yawan abin da yake miƙa wa mai aiki ba shi ya rubuta ba. Makaranta ta ce a yi mata abin fitar da sakamakon jarrabawa, ko mai kemis ya ce a yi masa abin lissafin magani, ko wata ƙungiyar agaji ta ce a yi mata rajistar waɗanda za a raba wa abinci, sai ya buɗe kwamfuta ya rubuta npm install ko composer require, ya danna, ya zuba ido rubutu yana gudu a baƙin allo, kafin shayinsa ya huce an sauke masa jakunkuna ɗari da wani abu a cikin node_modules ko vendor, alhali shi guda biyar kawai ya nema, sauran kuwa waɗanda ya nema ɗin ne suka jawo su. Kowace jaka daga cikinsu laburare ce, wato matanin manhaja da wani ya rubuta don a riƙa ɗorawa a kansa, kowace tana da mai ita, kuma a cikin mafi yawansu akwai ɗan fayil mai suna LICENSE wanda ba kasafai ake buɗewa ba.

Mas'alar da wannan jagora ya ƙunsa ba sabuwa ba ce a wurin wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki, domin malaman Malikiyya sun tattauna ta a ƙarƙashin istihƙaƙi, kuma akwai ta a Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim. Mutum ya sayi sa a Kasuwar Shanu, ya biya, ya kai gida, bayan wata biyu wani ya zo daga Monguno da shaidu ya kafa hujja cewa san nasa ne, ya kuma rantse bai sayar ba bai bayar ba. To alƙali zai mayar masa da dabbarsa, shi kuwa mai saye sai ya koma kan wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa. Amma da a ce kyauta aka ba shi san, ba shi da kuɗin da zai bi, tun da bai biya kome ba. Kuma da a ce ya riga ya sayar wa wani, to shi ne za a biyo. Wannan shi ne matsayin mai rubuta manhaja daidai: an ba shi laburare kyauta, ya haɗa shi cikin aikinsa ya sayar, saboda haka idan mai haƙƙi ya bayyana babu wanda zai koma wa a sama, ga kuma mai biyo shi a ƙasa.

Kada wani ya ce ai rubutu ba dabba ba ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne wadda shari'a ta kare. A Nijeriya kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, kuma ba a bukatar mai ita ya yi mata rajista kafin haƙƙinsa ya tabbata. Sai dai a sani, irin wannan ƙara ba kotun shari'a ko ta majistare ake kai ta ba. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin sauraronta, akwai kuwa reshenta a nan Maiduguri.

Abu na farko da ya wajaba shi ne mutum ya san abin da lasisin ya ce da abin da ya ƙi cewa. Lasisin MIT, wanda ya fi kowane yawa a cikin node_modules, bai kai shafi guda ba: ya halatta maka ka yi amfani, ka gyara, ka sayar, da sharaɗin ka bar sunan mai haƙƙi da matanin lasisin a cikin abin da ka rarraba, sa'an nan a ƙarshe, da manyan baƙaƙe, ya barranta daga kowane irin garanti, ya kuma ambaci rashin keta haƙƙin wani da sunansa a cikin abubuwan da bai lamunta ba. Lasisin BSD na Jami'ar Kalifoniya da GPL na gidauniyar Richard Stallman ba su ambaci wannan da suna ba, amma sun kore garanti baki ɗaya, na fili da na ɓoye, wanda ya kai mu wuri guda. Wanda ya fi su bayyana magana shi ne Apache 2.0 na 2004: a sashe na 7 ya ce bai lamunta cewa kayan mallakar mai bayarwa ne ba, a sashe na 8 ya kore biyan diyya, a sashe na 9 kuma ya faɗi abin da ya shafe ka kai tsaye, wato kana da damar ka ɗaukar wa wanda ka sayar wa lamuni ka karɓi kuɗi a kai, amma da sunanka kai kaɗai, kuma idan lamunin nan naka ya jawo wa marubutan laburaren wata ƙara, kai ne za ka kare su ka rama musu. Ni dai ban ga laifinsu ba, domin mutumin da ya ɓata dararensa ya rubuta abu ya sake shi don kowa ya amfana, ba adalci ba ne a ce kuma shi zai biya lauyan wanda ya yi kasuwanci da shi. Abin da ke laifi shi ne mu karanta kalmar halattawa mu ɗauka shaidar mallaka ce, alhali kuwa mutum ba ya halatta abin da ba nasa ba ko da ya rubuta cewa ya halatta.

Hujjar wannan ta faru a watan Maris 2021 da wani ƙaramin laburare na harshen Ruby mai suna mimemagic, wanda aikinsa kawai gane ko fayil hoto ne ko takarda ko sauti. Shekara da shekaru yana ɗauke da lasisin MIT, kowa yana sauke shi da zuciya ɗaya, har tsarin Ruby on Rails ya dogara a kansa ta hanyar wani laburaren mai suna Marcel. Ashe a cikinsa akwai fayil guda na bayanai da aka ɗauko daga aikin shared-mime-info, wanda yake ƙarƙashin GPL, ba a kuwa da ikon sake shi da sunan MIT. Da mai kula da wancan aikin ya faɗakar, marubucin mimemagic ya janye tsofaffin fitowarsa duka, nan take manhajoji masu ɗimbin yawa a duniya suka kasa sabuntuwa, sai da masu Rails suka yi gaggawar maye bayanan da na Apache Tika cikin 'yan kwanaki. Babu wanda ya yi niyyar sata a wannan lamari, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin LICENSE kaɗai da ya ga MIT ya wuce.

Wani lokacin kuma da'awar ƙarya ce, amma tana cin kuɗi kamar ta gaskiya. A 2003 kamfanin SCO ya kai IBM ƙara yana cewa an zuba matanin Unix a cikin Linux, ya nemi masu amfani da Linux su biya shi dala 699 a kan kowace na'ura, a 2004 kuma ya kai AutoZone ƙara, kamfanin da ba ya rubuta manhaja, kayan gyaran mota yake sayarwa. Sai a 2010 masu taimaka wa alƙali a jihar Utah suka yanke cewa haƙƙin Unix ɗin ma na Novell ne, ba na SCO ba. A tsakanin nan ne HP da Novell da Red Hat suka fara ba abokan cinikinsu alkawarin kariya, wanda ya zama wani abin sayarwa na kansa. A gida ma an taɓa shigar da ƙara kan irin wannan haƙƙi: a ƙarshen 2007 kamfanin Lancor, mai allon rubutu na Konyin da aka tsara don haruffan harsunan Nijeriya, ya kai shirin One Laptop per Child gaban Babbar Kotun Tarayya a Legas, yana neman dala miliyan 20, bisa da'awar an kwaikwayi tsarin allonsa.

To, aikin da za ka yi da hannunka ya fara ne da ƙidaya. Kafin ka miƙa kowane aiki, fitar da jerin dukan laburaren da ke cikinsa, na kusa da na nesa, tare da lambar fitowar kowane da lasisinsa. Wanda ke aiki da PHP ya rubuta composer licenses, mai Python ya sa pip-licenses, mai JavaScript ya yi amfani da license-checker. Idan aikin babba ne, akwai ScanCode da FOSSology, waɗanda ba sa yarda da abin da laburaren ya faɗa game da kansa, suna bin fayil ɗaya bayan ɗaya suna neman sanarwar haƙƙi da ke ɓoye a cikinsa, irin binciken da da an yi wa mimemagic da an kama shi tun da wuri. Adana jerin tare da fayil ɗin package-lock.json ko composer.lock na ranar da ka miƙa aikin, ka kuma ajiye kwafin laburaren kansu a wani faifai, domin mai laburare yana iya canza lasisi gobe, amma fitowar da ka karɓa a ƙarƙashin tsohon lasisi tana nan a kan hukuncinta, muddin za ka iya nuna wacce ce.

Sa'an nan ka bi jerin da alƙalami. Waɗanda ke ƙarƙashin MIT da BSD da ISC da Apache, haƙƙinsu a kanka kaɗan ne, amma wajibi ne: ka tara sanarwarsu a shafi guda cikin manhajar, idan na Apache ne kuma yana da fayil NOTICE ka haɗa da shi, masu Flutter ma an sauƙaƙe musu, akwai shafin lasisi da aka riga aka gina, kira kawai za su yi. Na LGPL yana bukatar ka bar wa mai amfani hanyar da zai musanya laburaren da wata fitowar. Na GPL kuwa, idan ka haɗa shi da aikinka ka rarraba, to dukan aikin ya shiga ƙarƙashinsa, sai ka ba da matanin ga wanda ka ba manhajar. AGPL ya ƙara da waɗanda ke amfani da ita ta intanet ko ba a ba su kwafi ba. A nan ne masu yi wa makarantu takardar sakamako suke yawan zamewa, domin shahararrun laburaren PDF guda biyu, iText tun fitowarsa ta 5 da kuma Ghostscript, a AGPL suke, kuma kamfanonin da ke da su suna sayar da lasisin kuɗi ga wanda ba ya son buɗe mataninsa, suna kuwa bin haƙƙinsu: Artifex mai Ghostscript ya kai Hancom na Koriya ta Kudu ƙara a Kalifoniya, a 2017 kotu ta ƙi korar ƙarar, daga baya suka sasanta. Ka tuna kuma cewa a idon shugaban makarantar da ka yi wa aiki, shi marubucin laburaren ne mutum na uku. Saboda haka saɓa wa sharaɗin lasisi da kai ka yi, a wurinsa da'awar baƙo ce wadda ka jawo masa.

Abin da ba shi da fayil ɗin lasisi sam, ka ɗauke shi haramun ne har sai mai shi ya rubuto maka izini, domin shiru a wannan babi hani ne. Haka nan jigon WordPress ko wani ƙari da aka fasa makullinsa aka watsa a rukunin WhatsApp. Kada kuma ka manta da siffar haruffa, wadda ita ma akwai mai ita: idan kana neman wadda za ta fitar da ɓ da ɗ da ƙ na Hausa da kuma ǝ na Kanuri ba tare da ta bar akwatin banza a tsakiyar sunan yaro ba, ga Noto da Charis da Andika, duka a ƙarƙashin lasisin OFL, babu dalilin kwafo ta wani kamfani daga cikin Windows.

Bayan lasisi sai asali, wanda shi ne wurin da hankali ke aiki fiye da na'ura, kuma ɗalibin hadisi ba zai ga baƙon abu a ciki ba, tun da tambayar ita ce daga wa, shi kuma daga wa. Laburaren da ya fito daga gidauniyar Apache, inda ake sa masu ba da gudummawa su sa hannu cewa abin da suka kawo suna da ikon bayar da shi, ko aiki irin DHIS2 na Jami'ar Oslo wanda ma'aikatun lafiya na ƙasar nan ke tattara bayanai da shi, ko ODK da ma'aikatan agaji ke yawo da shi a waya a sansanonin gudun hijira, ba daidai suke da wanda wani mai sunan ɓoye ya ɗora a dare guda da fayiloli dubu ba, babu tarihin yadda aka rubuta su. Buɗe jakar, duba kan fayilolin ko akwai sunan wani kamfani da bai dace da na marubucin ba, duba jakunkunan da ake kira vendor ko third_party, duba bayanai da hotuna da aka cusa. Idan ka sami shubuha, nemi madadinsa tun aikin yana ɗanye, domin cire laburare a makon farko aikin yini ne, cire shi bayan shekara biyu kuwa kusan sake gini ne.

Haƙƙin ƙirƙira, wanda ake kira fatent, shi ne ya fi wuyar gani, saboda ana iya keta shi ko da kowane layi kai ka rubuta. Laburaren GD na zana hoto ya cire GIF a 1999 don fatent ɗin Unisys, bai mayar ba sai 2004 bayan wa'adinsa ya ƙare. FFmpeg kuma, duk da lasisinsa na LGPL, ba ya ba ka izinin fatent na H.264, wanda ke hannun wasu dabam. Apache 2.0 da GPL na 3 suna ba ka izinin fatent na waɗanda suka ba da gudummawa kaɗai, ba na baƙo ba. Sauƙin da ke akwai shi ne fatent na ƙasa ne, wanda aka yi wa rajista a Amurka ba ya hawa kan manhajar da ke aiki a kwamfutar kemis a Baga Road. Amma ranar da ka ɗora ta a Google Play ka buɗe wa kowace ƙasa, ka fita daga wannan inuwar.

Idan laburaren na kuɗi ne, to a nan kana da ikon tambayar lamuni, tun da ka biya. Nemi sakin layin da ya yi maganar kare ka daga da'awar mutum na uku, ka karanta togaciyarsa kafin alkawarinsa. Bisa al'ada za su ce sai ka sanar da su da gaggawa a rubuce, sai ka bar musu ragamar shari'ar, kada ka sasanta ba da saninsu ba. Za su ce lamunin ya faɗi idan ka gyara matanin, ko ka haɗa shi da abin da ba nasu ba, ko ka ƙi karɓar sabuwar fitowa. Sau da yawa kuma iyakar abin da za su biya shi ne abin da ka biya su a watanni 12, ko su mayar maka da kuɗinka su karɓe lasisin. Duba ko fatent na waɗansu ƙasashe kawai suka lissafa babu Nijeriya, duba kuma kotun wace ƙasa aka ambata. Idan yarjejeniyar babba ce wadda za a riƙa tura kuɗi waje ta banki, tambayi lauya game da rajistarta a hukumar NOTAP.

Amma inda ake karya matasanmu shi ne takardar da suke sa wa hannu. Manyan ƙungiyoyi da ma'aikatu suna zuwa da kwangila mai shafi 20 wadda lauyoyinsu suka tsara don manyan kamfanoni, a cikinta an ce ɗan kwangila ya tabbatar aikin duka nasa ne, ya mallaka wa ƙungiya dukan haƙƙinsa, zai kuma biya duk asarar da da'awar wani ta jawo, ba iyaka. Yaro yana ganin adadin kuɗin a shafin ƙarshe sai ya zaro biro. Maganar farko ƙarya ce tun ranar da ya rubuta npm install, ta biyu kuma ba ta yiwuwa, don ba shi da ikon mallaka wa wani laburaren aro irin React. Abin da ya kamata, ka zauna da jami'in kwangilar cikin ladabi, ka ce masa: ranka ya daɗe, abin da na rubuta da hannuna na tsaya a kansa, amma ga jerin laburaren da na ɗora a kai, ina roƙo a maƙala shi a bayan takardar, a rubuta cewa kowane yana kan lasisinsa. Ka nemi a kasa aikin kashi biyu, naka da na aro. Lamuninka ya tsaya a kan naka da kuma cika sharuɗɗan lasisin na aro. A sa masa iyaka da ba ta wuce kuɗin kwangilar ba. A fitar da abin da su suka ba ka, kamar tambari da hotuna da bayanai, da abin da wani ya gyara bayan ka miƙa. A kuma rubuta cewa idan da'awa ta taso, farkon maganinta shi ne a ba ka wa'adi ka musanya abin da ake jayayya a kansa. Idan kai ma ka ba wani abokinka wani yanki ya rubuta maka, karɓi irin wannan takarda daga gare shi, ko shafi guda ce.

Ranar da wasiƙar da'awa ta iso, ko saƙo daga GitHub ko Google cewa an sauke aikinka bisa dokar DMCA ta Amurka ta 1998, wadda dokarmu ta 2022 ma ta kawo irin tsarinta, kada ka share kome daga tarihin aikin, kada ka amsa laifi, kada kuma ka mayar da zafi. Rubuta ranar da ta iso, nemi mai da'awar ya fayyace wane fayil ne da hujjar mallakarsa, sanar da wanda ka yi wa aiki da wanda ya sayar maka a rubuce a wannan makon, domin jinkiri kaɗai yana iya ɓata lamunin da ka biya. Dakatar da rarraba fitowar da ake magana a kanta, ka fara neman madadi ko da kana ganin kai ne da gaskiya, saboda rashin sani yana iya rage diyya amma ba ya hana kotu ta ce a daina. Idan laifin barin sanarwa ne ko rashin ba da matani, gyara shi nan da nan, domin GPL na 3 ya mayar wa wanda ya yi laifin farko lasisinsa idan ya gyara cikin kwana 30 da samun sanarwa, sassaucin da babu shi a matanin GPL na 2. Sa'an nan ka ɗauki jerin laburaren da fayil ɗin ranar miƙa aiki da kwafin kwangilar, ka kai wa lauyan da ya saba da Babbar Kotun Tarayya kafin ka rubuta amsa.